Natsuwar Lafinta

Mutane na danganta lafinta da natsuwa, kuma a ganina ba banza ba. Tsiron ɗan asalin ƙasashen Bahar Rum ne. A yankin Provence na kudancin Faransa, musamman a tudun Valensole, yana fure daga watan Yuni zuwa Yuli a busasshiyar ƙasa mai tsakuwa, ƙarƙashin rana mai zafi. Idan ruwa ya yi masa yawa saiwarsa kan ruɓe. Launinsa ma na natsuwa ne, shunayya ce mai haske wadda ba ta ɗaukar ido, ba kamar shunayyar sarakunan Rum mai tsada ba. Daga wannan nake fahimtar cewa natsuwa ƙarfi ce irin ta mai wadatar zuci.

Wani zai ce masu sayar da turare da sabulu ne suka liƙa masa wannan ma'ana don neman kasuwa. Akwai gaskiya a nan, domin talla ta ƙara gishiri. Amma tun kafin zuwan kamfanoni, matan Turai ke ajiye busasshen furensa cikin tufafi da shimfiɗa. 'Yan kasuwa sun tarar da ma'anar ce a hannun talakawa, suka sa mata farashi.