"Mu" Biyu a Bakin Mutanen Andis

Mun daɗe muna koyar da adabi, muna cewa "mu" a gaban ɗalibai, ba mu taɓa tsayawa mun tambayi kanmu su wa kalmar ta ƙunsa ba. Sai da muka yi kiciɓis da nahawun Kecuwa sannan muka farga. Harshe ne na miliyoyin 'yan asalin tsaunukan Andis a Kudancin Amurka, musamman a Peru da Bolibiya da Ekwado. Masu shi kan kira shi Runa Simi, wato bakin mutane.

A Kecuwar kudancin Peru "mu" iri biyu ce. Idan mai magana ya ce ñuqanchik, to ya haɗa da wanda yake yi wa magana. Idan kuwa ya ce ñuqayku, ya ware shi ke nan. Ba dama mutum ya laɓe a bayan kalmar. Tilas ya bayyana wanda ya jawo da wanda ya bari a waje.

Da muka waiwayi tarihinsu, sai muka ga an fi barinsu a waje. A 1532 Sifaniyawa ƙarƙashin Pizarro suka kama Atawalpa, sarkin daular Inka. A 1560 wani limamin Kirista, Domingo de Santo Tomás, ya buga nahawun harshen, amma domin wa'azi. Bayan tawayen Tupak Amaru na Biyu, wanda aka kashe a Kusko a 1781, mahukunta suka shiga danne harshen da al'adun masu shi. Sai a 1975 gwamnatin Peru ta amince da shi a hukumance.

Abin da ya fi sosa mana rai, a matsayinmu na malaman jami'a, shi ne labarin Jami'ar San Markos da ke Lima. An kafa ta a 1551, amma sai a 2019 aka sami wadda ta rubuta kundin digirin digirgir da Kecuwa ta kuma kare shi da harshen, wato Roxana Quispe Collantes. Shekara 468 jami'a tana cewa "mu", masu ƙasa suna bakin ƙofa.

Tun daga nan muka riƙa tauna kalmar kafin mu furta. Duk lokacin da muka ce wa ɗalibai "mun sani", mukan ɗan dakata mu dubi na kujerar baya, mu tabbatar shi ma yana ciki.