Keken Babana

Ranar ziyara ta zangon da ya wuce na yi wani abu wanda har yanzu in na tuna shi sai kunya ta kama ni. Iyayen yara suna ta shigowa, wasu a mota, wasu a babur, sai na hango Babana ya sauka daga tsohon kekensa a bakin ƙofar makaranta, ga ƙunshin gari da ƙuli-ƙuli ɗaure a kariya. Wani ɗan ɗakinmu ya ce, "Kai jama'a, ga wani tsoho can ya zo da kayan tarihi!" Aka fashe da dariya. Ni kuwa na yi tsit kamar ban san shi ba, sai da suka watse sa'an nan na je na durƙusa na gaishe shi. Alhali tun da asuba ya baro Andarai domina.

Keken nan Raleigh ne, wanda mutanenmu ke kira Rali, kuma Baba ya gaje shi ne daga kakana. Da shi yake kai kayan gona kasuwar Jega. A kansa na koyi tuƙi, a kansa kuma na karye hannu ina shekara tara, don na sace shi da rana Baba yana barci. Da shi ɗin dai ya goya ni har Aliero wurin masu ɗori, bai ko daka mini tsawa ba.

Maganar "kayan tarihi" ta tsaya mini a rai. Na tambayi malaminmu na kimiyya wa ya ƙago keke, ya ce in je laburare in nemo da kaina. Ashe ba mutum ɗaya ba ne.

Na farkonsu wani Bajamushe ne, Karl Drais. A shekarar 1817 ya haɗa ƙafa biyu na katako, ɗaya gaban ɗaya, ya sa sirdi da abin juya kai. Ba feda, ba sarƙa. Mutum zai hau ya riƙa tunkuɗa ƙasa da ƙafafunsa, kamar yadda ƙannenmu ke yi in suna koyo. Wasu masana sun ce tsadar abincin dawaki ce ta sa shi neman abin hawan da ba ya cin hatsi, don amfanin gona ya lalace a Turai a 1816.

Sai bayan 1860 aka sa feda, a birnin Faris, a jikin ƙafar gaba. Har yau ana gardama ko Pierre Michaux ne ya fara ko Pierre Lallement, wanda ya yi rajistar dabarar a Amurka a 1866. Ƙafafun keken na katako ne da aka yi wa ɗamarar ƙarfe, saboda haka Ingilishi suka yi masa laƙabi da mai girgiza ƙashi.

To, a nan ne wahala take. Tun da feda tana manne da ƙafar gaba, taki ɗaya juyi ɗaya ke nan. Mai son gudu sai ya ƙara girman ƙafar. Haka aka yi ta ƙarawa bayan 1870, har ƙafar gaba ta kusa kai tsayin mutum, ta baya kuwa 'yar mitsitsiya. Mahayi yana can bisa kamar ya hau raƙumi, dutse kaɗan ya taka sai ya zo ƙasa ta ka. Da na ga hotonsa na ce a raina, da irin wannan na sata a wancan lokaci, da aikin ya fi ƙarfin mutanen Aliero.

Wanda ya fi burge ni shi ne John Kemp Starley na birnin Coventry a Ingila. A 1885 ya fito da keke mai suna Rover, ƙafafunsa kusan kai ɗaya, sarƙa kuwa ita ke jan ta baya. Bayan shekara uku, watau 1888, wani likitan dabbobi a Belfast, John Dunlop, ya yi wa keken ɗansa taya mai iska. In ka ajiye hoton keken wannan zamani kusa da na Baba, da ƙyar za ka ce ga bambanci.

Da aka ba mu hutu na kifa keken a tsakar gida na ƙirga haƙora. Na wajen feda 46, na baya 18. Watau in Baba ya taka sau ɗaya, ƙafar baya ta juya sau biyu da rabi da ɗan ɗoriya. Dabarar Starley ke nan.

Baba ya tarar da ni ina shafa wa sarƙa mai, ya tambaye ni abin da nake nema. Na kwashe labarin Drais na gaya masa. Ya yi dariya ya ce, "Keke ba feda? Ai wanga tafiya ƙasa ta, an ƙara maka da kaya." Na so in ba shi labarin abin da na yi ranar ziyara, amma bakina ya yi nauyi. Sai na ce, "Baba, birkin baya ya cinye." Ya ce in mun je Jega za mu saya.