Dara A Gindin Dogon Yaro, Dodanni A Cikin Waya

Ranar 14 ga Fabrairun 2022 malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki. Ina aji ɗaya a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a lokacin. An ce na gargaɗi ne, sati huɗu kawai, don haka kaya kala uku na cusa a jaka na hau motar Bodinga. Ban sake ganin cikin aji ba sai bayan wata takwas.

Daren da za mu watse, abokin kwanana a ɗaki ya tura min wani wasa ta Xender, tare da manhajar da ke sa wayar Android ta kwaikwayi tsohuwar na'urar wasa ta hannu mai suna Game Boy Advance. Ya ce, "Wannan zai ɗebe maka kewa." Da na buɗe sai raina ya ɓaci. Mutanen ciki ƙanana ne kamar ƙwayar wake, filin kuma an yanka shi gida-gida kamar shafin littafin lissafi. Babu gudu, babu ƙwallo, babu mota. Na rufe. Sai da azumi ya kama a watan Afrilu, zafin Sakkwato ya hana kowa leƙa waje tsakanin Azahar da La'asar, sannan na koma masa.

Sunan wasan Fire Emblem. Kamfanin Intelligent Systems na Jafan ne ya ƙera shi, Nintendo ya fitar. Na farko a jerin ya fito tun 1990, amma wanda na buga shi ne na bakwai, na 2003, kuma shi ne na farko da aka fassara zuwa Turanci aka sayar a wajen Jafan. Ke nan kusan sa'ana ne. (Hanyar da na same shi ba ita ce ta halal ba a wurin masu shi, gara in faɗa. A 2023 Nintendo ya sa shi a na'urarsa ta Switch ga masu biyan kuɗi.)

Labarin yana faruwa a wata nahiya ta ƙage mai suna Elibe. Kusan shekara dubu kafin a fara, mutane da dodanni suna zaune lafiya. Dodannin nan su ne waɗanda Turawa ke kira diragon, manyan halittu masu kama da ƙadangare, masu aman wuta. Abin da ya fara jan hankalina shi ne, wasan ya faɗa ƙarara cewa mutane ne suka fara kai hari. A tatsuniyoyin da Inna ta ba mu, Dodo ne mai laifi kullum. A nan an ci dodanni da yaƙi, suka tsere ta wata ƙofa zuwa wata duniya, yanzu kuma wani matsafi, Nergal, yana son buɗe ƙofar don ya zuƙe ƙarfinsu. Masu hana shi matasa uku ne: Lyn, Eliwood da Hector. Kai mai wasa ba ka riƙe takobi. Kai ne mai tsara dabarar yaƙi, ka ce wane ya taka gida biyar ya tsaya cikin kurmi, wance ta ja baya. In ka gama motsa naka, abokan gaba su motsa nasu.

Lyn 'yar makiyaya ce daga filayen Sacae, kuma 'yan fashi ne suka hallaka danginta. Su ne abokan gaban farko a wasan. In akwai ƙauye a fili kuma ka yi jinkirin isa, za su riga ka, su rushe shi, ya zama kufai a gaban idonka. Wataƙila ga yaron Tokyo wannan ado ne na labari. Ni ɗan jihar Sakkwato ne, ina jin labarin gabashin jiharmu a rediyo. Duk babin da aka sa ƙauye, can nake fara tura mahayana, ko da dabara ba ta ce haka ba.

Ƙa'idojin ba su da yawa, amma suna da haƙori. Takobi yana rinjayar gatari, gatari yana rinjayar mashi, mashi yana rinjayar takobi. Makami yana ƙarewa: takobin ƙarfe na talaka sara 46 ne ya karye. In saurinka ya ɗara na abokin karawarka da maki 4, sau biyu za ka kai masa sara. Kowane mayaƙi yana tara maki, in ya cika 100 ya hau mataki. A nan na yi wautata ta farko. An ba ni wani tsohon barde, Marcus, wanda tun farko ya fi kowa ƙarfi. Na riƙa tura shi gaba yana share fili shi kaɗai, ina jin daɗi. Ashe shi ɗan abin da yake samu a kowane kisa kaɗan ne, yaran da ya kamata su koyi yaƙi kuma suna baya suna kallo. Da aka kai inda abokan gaba suka yi ƙarfi, sai ga ni da tsoho ɗaya da tarin 'yan rakiya. Dole na koma baya da babi uku.

Babbar ƙa'ida kuwa ita ce mutuwa. A babi goma na farko, na Lyn, ana yi maka sassauci: wanda aka kayar rauni kawai ya ji, zai dawo daga baya. Daga babi na 11, wanda ya faɗi ya faɗi ke nan. Zai yi maganarsa ta ƙarshe, hotonsa ya dushe, ba za ka ƙara ganinsa a fili ba. Wasan yana ajiye kowane motsi da kansa, don haka kashe waya ba ya ceton kowa. Mafita ɗaya ce: ka sake babin tun daga farko. Ni kuwa haka na riƙa yi. Ko mai maganin rauni aka taɓa min, sai in sake. Akwai babin da na maimaita sau shida.

Da ruwa ya sauka, Baba ya ce zaman banza ya isa, in tafi Shagari in taya Baffa noma. Tafiyar ba nisa, hanyar Jega ce ka bi ka sauka. A can na sami abokin wasa, ɗan Baffa, ɗan aji shida na firamare. Shi ke kai wayar wurin mai caji da janareta a bakin kasuwa, N50, ladansa kuma ya zauna a kafaɗata ya kalla. Turancinsa bai kai ya karanta hirar ba, sai na zama tafinta. Ta haka na gane nawa Turancin ma da sauransa. Kalmomi da yawa sai na duba ƙamus kafin in fassara masa, kuma har yau ban manta su ba, abin da ban iya cewa game da jerin kalmomin da na haddace don WAEC.

Yaron nan ya ƙwallafa rai a kan Florina, wata yarinya mai tsananin kunya da ke hawan doki mai fuka-fuki. Tana tsallake kogi da dutse inda kowa ke zagaye, amma kibiya ce ajalinta, domin baka yana yi wa masu tashi sama illa fiye da kowa. Kullum yana ce min, "Yaya, ka duba masu baka tukuna."

Kakanmu kuwa yana da majalisa a gindin dogon yaro a ƙofar gida, inda shi da abokansa suke dara bayan La'asar. Gurabe 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, wannan da tsinke wancan da tsakuwa. Ka jera uku, ka cinye ɗan abokin wasanka guda. Wata rana ya ƙwalla min kira.

"Ɗan boko, mi kaka kallo cikin wagga waya tun da sahe?"

Na durƙusa na nuna masa. Na yi bayanin gidaje, da yadda kowa ke jiran nasa lokacin motsi. Ya ɗan kalla, ya ce, "Ashe dara ta." Sai ya tambayi abin da ke faruwa in an kashe maka mutum. Na ce ai sai in sake daga farko. Ya yi dariya har da buga ƙafa, ya juya ga abokansa.

"Kun jiya? In an canye mai ɗa, sai ya ce a maido. Wanga ba wasa na ba, roƙo na."

Na yi dariya tare da su, wasan jika da kaka ne. Amma maganar ta zauna min. Na lura tun da na san zan iya sakewa, na daina lissafi kafin in motsa. Ina jefa mutum ne in ga abin da zai faru. A daren na ce wa ɗan Baffa daga yau an daina: wanda ya mutu ya mutu, sai fa in ɗaya daga shugabannin uku ne, wanda dama wasan da kansa yake tsayawa. Ya ce ya yarda. Bai san abin da ya yarda da shi ba, ni ma haka.

Wasan ya canza ɗanɗano nan take. Motsi ɗaya sai in yi minti biyar ina ƙirga gidajen da kowane maƙiyi zai iya kaiwa. Wani dare ban ankara ba sai kiran assalatu na ji. Da safe a gona na sare gero ya fi tushe goma da hauya ina gyangyaɗi, Baffa ya karɓe wayar kwana uku. Ya yi daidai. Ku da ke da jarrabawa a gaba, wannan ba wasan zangon karatu ba ne, na faɗa muku gaskiya. Ni yajin aiki ne ya ba ni wata takwas da ban roƙa ba.

Sai babi na 18, a tsibirin Valor. Hazo ya rufe filin, ba ka ganin abin da ya wuce 'yan gidaje kaɗan a gabanka sai ka kunna tocila ko ka sa ɓarawon rundunarka a gaba, shi da ke hangen nesa. A babin ne yayar Florina, Fiora, take bayyana, kuma ƙanwar ce za ta yi mata magana ta shigo rundunarka. Na yi hakan lafiya. Na kusa gamawa, bayan kusan awa biyu, cajin waya ya sauko ƙasa da kashi goma. Gaggawa ta kama ni. Na tura Florina ta leƙa gefen kurmi ba tare da na haska ba.

Mahaya biyu masu baka suka fito daga hazo. Na farko ya same ta. Na biyu, allon ya nuna damarsa ta samu 30 ce cikin 100.

Bari in tsaya a kan wannan lambar, domin daga baya na gano ba ta faɗin gaskiya duka. Wasan yana zaɓo lambobi biyu tsakanin 0 da 99, ya haɗa su ya raba biyu, in sakamakon bai kai lambar da ke allo ba, an samu. Da yake matsakaicin lambobi biyu ya fi son faɗawa tsakiya, babbar dama tana ƙara girma, ƙarama tana ƙara ƙanƙancewa. In an rubuta 70, ainihinta wajen 82 ne. In an rubuta 30, wajen 18 ne. Duk wanda ya yi darasin yiwuwar aukuwa a lissafin babbar sakandare zai iya gwada wannan da takarda da biro. Ke nan cikin harbi biyar irin wannan, huɗu za su wuce ta gefe. Nawa shi ne na biyar ɗin.

Ta yi 'yar maganarta ta dushe. Ɗan Baffa bai ce in fassara ba.

"Yaya, ka sake."

Na ce mun yi alkawari.

"Don Allah, Yaya. Ni zan biya kuɗin cajin."

Da kuɗin tallan gyaɗarsa yake nufi. Yatsana yana kan wurin sakewa, kuma ba kowa a ɗakin sai mu biyu, Kaka ba zai taɓa sani ba. Har yau ban tabbata abin da na yi daidai ne ba. Alkawarin nawa ne, don kunyar dariyar tsofaffi na ɗauke shi, amma wanda ya biya yaro ne ɗan shekara goma sha ɗaya da ya gargaɗe ni a kan masu baka ya fi sau ashirin. Na ƙarasa babin, na ajiye. Kwana biyu bai kai min waya caji ba, ko tuwo ba ya ci a kwano ɗaya da ni.

Ya dawo da kansa, amma ya sauya wurin zama, ya koma gefen da yake ganin filin sosai, kuma ba na motsa Fiora sai ya ƙirga gidaje ya ce to. Tare muka ga inda Eliwood ya sami takobin Durandal, takobin ya ja hannunsa ya sare wani dodon ƙanƙara, sai ga shi Ninian ce, yarinyar mai rawa da ta bi su tun daga nesa tana ɓoye asalinta. Na sha wuyar fassara wurin nan. Yaron ya tambaye ni ko Eliwood ma zai iya sakewa. Labarin ya yi masa gata daga baya, wani tsohon masani ya dawo da ita da rai, abin da ni dai na ga kamar an yi mana rowa. Dodon wuta na ƙarshe bai ba ni wahalar da na zata ba. Tsoho Athos da Hector suka yi yawancin aikin, a gwaji na biyu ya faɗi. Da aka zo jero sunayen mayaƙa da abin da kowa ya zama bayan yaƙi, mutum uku na rasa, kuma a gaban sunan Florina wurin da ta faɗi kawai aka rubuta.

An janye yajin aiki ranar 14 ga Oktoba, gero ya riga ya shiga rumbu. Kafin in tafi na zauna dara da Kaka sau bakwai, ya cinye ni sau bakwai, a na ƙarshe ma yana hira da mai goro ne. Na tura wa ɗan Baffa wasan a wayar yayarsa.

Da hutun ƙarshen zango na je Shagari na tarar ya kai babi na 18. Tun da Florina ta dawo rundunarsa bai fito da ita fili ko sau ɗaya ba, tana cikin jerin 'yan jira, matakinta bai motsa ba. Na ce masa in bai fito da ita a wannan babin ba, ba wanda zai yi wa Fiora magana, zai rasa yayar. Ya ce ya sani. Ya danna ya shiga hazon ba tare da ita ba.