Rariyar Da Ke Tankaɗe Wasiƙu

A da can, in mutum ya jefa wasiƙa a akwatin gidan waya, ya san akwai ma'aikacin da zai duba adireshi ya ware ta da hannunsa. Wasiƙar kwamfuta kuwa, watau imel, ba ɗan Adam ke tarbarta ba. Wata rariya ce ke tsaye a bakin ƙofa, ita ke yanke hukunci ko wasiƙa ta isa ga mai ita ko ta faɗa kwandon shara.

Ba a banza aka ƙago ta ba. Tun cikin watan Mayu na 1978 wani ɗan tallar kamfanin DEC a Amurka, Gary Thuerk, ya aika wa mutum wajen 400 talla guda a lokaci ɗaya, aka yi ta gunaguni. Da abin ya yawaita sai aka shiga rubuta wa na'ura doka: in ta ga kalma kaza, ta jefar. Mazambata suka gane, su sauya harafi guda su wuce abinsu. A 2002 Paul Graham ya yayata wata dabara da ta dogara ga lissafin Thomas Bayes, wani limamin Kirista na Ingila wanda ya rasu a 1761. Ana zuba wa na'ura tarin wasiƙun kirki da na banza, ta ƙidaya kalmomin da suka fi yawa a kowane ɓangare, sa'an nan ta auna kowace sabuwar wasiƙa da wannan ma'auni.

To, nan ne abin ya taɓa Nijeriya. Shekara da shekaru 'yan damfarar nan da ake kira 419, saboda sashe na 419 na dokar laifuffuka, suna cika akwatunan duniya da labarin gado da banki da miliyoyin daloli. Na'ura ba ta san niyya ba, ƙidaya kurum ta iya. Wake ɗaya ya ɓata gari.

Sai a dubi ɗalibin da ya rubuta wa wata jami'ar waje yana neman gurbi, ko mai fataucin fata a Kano da ke neman abokin ciniki. An hore shi da ladabi, don haka ya buɗe da doguwar gaisuwa da girmamawa, ya ambaci kuɗi, ya roƙi a amsa da gaggawa. Abin takaici, wannan ita ce ainihin rigar da macuta suka ara, kuma rariya ta riga ta haddace ta.

Gidan waya dai, in wasiƙa ba ta sami mai ita ba, yakan komo da ita. Rariya kuwa sau da yawa shiru take yi. Mai aikawa na nan yana jira, yana zaton an raina shi. Wanda aka aika wa bai ma san an rubuta ba. A Gmail, duk wasiƙar da ta kwana 30 a kwandon nan ba a ceto ta ba, na'ura na shafe ta da kanta.