Malamarmu ta Ɗakin Haihuwa

Mu goma sha biyu ne a ajin koyon unguwarzoma a asibitin mishan. Malamarmu nas ce, ta daɗe a ɗakin haihuwa kafin ta koma koyarwa. Yanzu ta yi ritaya, mu ne muke koyarwa a madadinta.

Abin da ya fi zama mana a rai shi ne yadda take zance da kakanni. A gidajenmu akan tatse dakashi a zubar, wai ƙazanta ne, alhali kuwa shi ne kariyar jariri ta fari daga cututtuka. Mai jego kuma ta yi wankan ruwan zafi kwana 40, tana shan kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka ga cewa zafin da kanwar sukan gajiyar da zuciyar waɗansu mata, ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagara. Mu da zafin kan ƙuruciya, sai mu ce a hana kawai. Ita kuwa takan durƙusa ta gai da tsohuwa, ta ce, "Iya, a surka ruwan kaɗan, a rage kanwa." Sau da yawa akan ji.

Wani dare aka haifi bakwaini, ga wuta ta ɗauke. Malama ta ɗaure shi da zane a ƙirjin uwarsa, fata da fata, dabarar da aka soma a Bogota ta Kolombiya a 1978. Muka yi addu'a, muka kwana muna ba shi nonon uwar da ƙaramin cokali. Da gari ya waye, kakarsa ce ta karɓe shi a nata ƙirjin, uwar ta sami barci.