Kacici-kacicin Mako a Ƙasar Ingila

Daga cikin al'adun mutanen Ingila waɗanda baƙo ba ya saurin lura da su, saboda ba a buga musu ganga kuma ba a tara musu jama'a, akwai wadda na daɗe ina ta'ajibinta tun da zama ya kama ni a birnin York, ita ce yadda dattijo mai furfura, wanda a ƙasarmu da tuni an ce ya wuce shekarun wasa, zai zauna a cikin jirgin ƙasa ko a gaban teburin shayi, da fensir a hannunsa ko wayar salula, ya ƙura wa wani ɗan jadawali ido, ya yi tsit kamar ɗalibi mai muraja'a, alhali kuwa ba abin da yake nema illa wata kalma mai haruffa bakwai wadda wani mutum da bai taɓa gani ba ya ɓoye masa da gangan. Idan ya samu, ba wanda zai yi masa barka. Idan ya gaza, ba wanda zai yi masa dariya. Amma duk da haka ranar Asabar mai zuwa za ka same shi ya sake zama a kan sabuwa.

Al'adar ba tsohuwa ba ce yadda mutum zai zata. Wani ɗan jarida haifaffen Liverpool, mai suna Arthur Wynne, shi ya fara buga jadawalin kalmomi masu giciye a jaridar New York World ta Amurka ranar 21 ga Disamba, 1913, sa'an nan abin ya ƙetaro teku ya shiga jaridun Ingila, har jaridar Times, wadda ake yi wa kallon mai jan girma, ta bi sahu a 1930. Lokacin yaƙin duniya na biyu, a 1942, jaridar Daily Telegraph ta shirya gasa ga masu iya cike jadawalinta cikin minti 12, kuma daga baya hukumar yaƙi ta nemi waɗansu daga cikinsu domin aikin warware saƙonnin asiri na Jamus. Wannan ya isa ya nuna cewa mutanen nan ba su ɗauki abin a matsayin lagwu ba. Na lambobi kuwa, wato sudoku mai gidaje 81, ya zo ne daga baya: an fara buga shi a Amurka a 1979, ya yi suna a Japan, sa'an nan wani tsohon alƙali ɗan New Zealand, Wayne Gould, ya kai wa jaridar Times a 2004, daga nan ya bazu ko'ina.

Sai dai abin da ya fi jan hankalina shi ne irin jadawalin kalmomi nasu na Ingila, wanda ya bambanta da na Amurka, domin a cikinsa kowace tambaya tana da zahiri da baɗini: zahirinta jimla ce mai ma'ana wadda aka tsara domin ta ɓatar da kai, baɗininta kuwa rabi ta'arifin kalmar ne, rabi kuma umarni ne na yadda za a harhaɗa haruffanta. Da za a kwatanta da Hausa, sai mai tambaya ya rubuta, “Mari a hargitse, gidan kura,” ya ƙara da cewa haruffa huɗu ne. Wanda bai saba ba zai tsaya yana tunanin faɗa da doke-doke, wanda ya saba kuwa ya san “a hargitse” umarni ne cewa a jujjuya haruffan “mari”, sai “rami” ya fito, ga shi kuma ya dace da gidan kura. Sharaɗin da aka gindaya wa mai tambaya shi ne adalci: yana da izinin ya ruɗe ka iyakar iyawarsa, amma ba shi da izinin ya yi maka ƙarya, kuma wajibi ne amsa ta zama ɗaya tak, ta yadda idan ka gan ta ba za ka bukaci wani ya gaskata maka ba. Masu tsara waɗannan tambayoyi suna ɓuya ne a bayan laƙabi, kuma uku mafiya shahara da suka gaji juna a jaridar Observer ta ranar Lahadi tun daga 1926 sun ɗauko laƙubbansu daga shugabannin kotun binciken aƙida ta ƙasar Sifen, wato Torquemada, da Ximenes, da Azed, wanda sunan Deza ne aka karanta ta baya. Su a wurinsu raha ce, cewa ga masu gana wa jama'a azaba da tambaya. Ni kuwa da na tuna Ximenes na ainihi shi ne wanda ya sa aka ƙone littattafan Larabci a Garnaɗa, sai rahar ta yi mini ɗaci kaɗan.

Mafiya wuya daga cikin waɗannan tambayoyi ba kullum ake fitar da su ba, mako-mako ne, kuma a nan ne asirin al'adar yake. Akwai wanda ake kira Listener, wanda aka fara a 1930 kuma jaridar Times take bugawa kowace Asabar tun 1991, wanda sau huɗu a shekara ake sauya masa kalmomi da lambobi zalla, har mutum ya kwana biyu yana ninkawa yana rabawa kafin ya cike gida guda. Masu aikowa da amsa kuwa ana ajiye lissafin kowannensu har ƙarshen shekara. Da intanet ya zo bai rushe wannan tsari ba, sai ma ya gaje shi. Wasan Neopets, wanda waɗansu matasa biyu 'yan Birtaniya suka ƙirƙira a 1999, ya daɗe yana fitar da wata mas'ala ta mako mai suna Lenny Conundrum, wani makon lissafi, wani makon haruffa da aka sauya wa tsari, kuma ladan bai wuce kuɗi da kayan cikin wasan ba, waɗanda ba sa sayen ko ƙwayar gyaɗa a kasuwa. Wordle na Josh Wardle, da ya fito a 2021, shi kullum ne, kalma ɗaya mai haruffa biyar da dama shida, amma shi ma ya riƙe hukuncin asali: idan ka gama na yau, sai ka jira gobe. Akwai kuma ladabin da ba a rubuta ba, wanda suke kiyayewa ƙwarai, cewa wanda ya riga ya gano amsa ba ya faɗa kafin wa'adi ya cika. Iyakarsa ya yi wa abokinsa ishara, ya ce masa sake duba harafin farko, ko kuwa ka yi la'akari da ranar da aka buga tambayar. Mai tona amsa a wurinsu ya yi abin kunya.

To, mu ma muna da kacici-kacici, kuma ba wanda ya taso a ƙasar Hausa bai san daren farin wata a tsakar gida ba, inda yarinya za ta ce shanunta dubu maɗaurinsu ɗaya, sauran yara su yi ta harbi har wani ya ce tsintsiya. In duk suka gaza, sai mai tambaya ta ce a ba ta gari. A ba ta wani ƙauye ta ƙi, a ba ta Kano ko Katsina ta karɓa, ta yi ta yabon abin da za ta ci a can, sa'an nan ta faɗi amsa. Wannan biyan tara da gari, a ganina, hikima ce da Turawa ba su da irinta, domin ta mayar da gazawa abin dariya da kowa yake tarayya a ciki, kuma ba wanda yake kwana da tambaya a ransa. Amma idan muka yi wa kanmu adalci za mu yarda cewa galibin kacici-kacicinmu gado ne, amsarsa sananniya ce tun kakanni, saboda haka abin da yake jarrabawa shi ne hadda da saurin tunawa, ba istinbaɗi ba. Yaro yana jin sa sau ɗaya ya riƙe, daga ranar kuwa ya daina zama masa tambaya. Shi ya sa da mutum ya balaga sai ya bar wa ƙannensa, ya koma gindin bishiya wajen dara. Abin da ya fi kusa da na Turawa shi ne wanda muke kira wasa ƙwaƙwalwa, irin labarin mutumin da zai ƙetarar da kura da akuya da damin dawa a kwalekwalen da ba ya ɗaukar fiye da abu ɗaya tare da shi. Wannan mas'ala kuwa, da kyarkeci a maimakon kura da kabeji a maimakon dawa, tana cikin wani tarin tambayoyi sama da 50 da ake jingina wa Alcuin, malamin wannan birni na York da ya rasu a shekarar 804, wanda ya tsara su domin wasa basirar matasa.

Kuskure ne babba a ce manyanmu ba su san tambaya mai wuya ba. Sun san ta, sai dai sun tsare ta a zauren karatu. Asalinta ma yana cikin sunna, domin Bukhari ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba kuma take misalin Musulmi, suka yi ta ambaton itatuwan daji, Abdullahi ɗan Umar ya gane dabino ce amma kunyar manya ta hana shi magana. Malamai suka kafa hujja da wannan a kan halaccin malami ya jefa wa ɗalibansa mas'ala domin ya gwada fahimtarsu. Ɗalibin da ya kai ga Maƙamatul Hariri ya ci karo da jimlolin da ake karantawa ta gaba da ta baya su ba da abu ɗaya, da fatawoyin da zahirinsu ɓata ne baɗininsu daidai, kuma Ibn Farhun, Bamalike, ya tara littafi guda na irin waɗannan mas'alolin fiƙihu. Marubutan waƙoƙin ajami kuwa sukan rufe waƙa da ramzi, wato kalmar da idan ka ba kowane harafinta ƙimarsa ta hisabi, alif ɗaya, ba biyu, jim uku, ka tara, sai shekarar da aka yi waƙar ta fito. Wanda bai san cewa a lissafin Magariba da muke bi harafin shin ne dubu, ba gain ba kamar na Gabas, zai ɓace da ƙarnuka. Game da lambobi kuma, tun kafin a haifi kakan wanda ya ƙago sudoku, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta a 1732 hanyoyin tsara hatimi mai gidaje mara, wanda kowane layinsa, a tsaye ko a kwance ko a karkace, yake ba da jimla ɗaya. Mu dai mun ɗauke hatimi mun naɗe a laya, ba mu bar wa yara su yi ta gwada cike gidaje tara har kowane layi ya ba da 15 ba.

Bambancin da na gani ke nan, kuma ba na basira ba ne. A wurinmu tambaya tana tafiya ne daga sama zuwa ƙasa, ko tsakanin tsara, kuma ido da ido ake yin ta, saboda haka gazawar babba a gaban jama'a zubar da girma ce, ba kuwa mai hankalin da zai ɗaure mahaifinsa ko malaminsa da tambaya a bainar jama'a. Su kuwa da suka ɓoye mai tambaya a bayan laƙabi, suka sa takarda ko na'ura a tsakani, suka kuma ba da wa'adin mako guda, sai alƙali da direban bas suka zama daidai a gaban jadawali ɗaya, kowa yana iya jahiltar amsa kwana shida ba tare da wani ya sani ba. Wannan zama da rashin sani, a ajiye tambaya a tafi aiki, a dawo a tarar ta warware kanta a zuci, horo ne na haƙuri da nake ganin amfaninsa ga ɗalibi ya fi na amsar kanta. Farashinsa kuwa kaɗaici ne: sau da yawa miji da mata suna ɗaki ɗaya, kowa da nasa jadawalin, ba mai ce wa wani uffan, kuma ba na zaton akwai Bahaushen da zai kira wannan hira.

Da wani zai tsara irin wannan da Hausa a intanet kowace Juma'a, ba kalmomi zai rasa ba, domin harshen da ba a rubuta masa tsawon wasali da karin sauti, har “gari” da “fari” kowannensu ya ɗauki ma'ana fiye da ɗaya a rubuce, ya ba mai son ruɗarwa makami mai kaifi. Wahalarsa tana wajen hukunci. Sai an yanke ko “sh” da “ts” gida ɗaya za su ci ko biyu, sai an tabbata wayar kowa tana fitar da ƙ da ɗ da ɓ, domin in ba haka ba “ƙafa” da “kafa” za su faɗa gida ɗaya, sa'an nan sai an sami alƙalin da Basakkwace da Bakano da Badamagare za su yarda da shi ranar da ɗaya ya ce kalmarsa Hausa ce ɗaya ya ce bai taɓa jin ta ba. Masu Listener da Azed sun kashe wannan gardama da ƙamus guda, Chambers, abin da yake cikinsa ya halatta, abin da babu kuwa sai mai tambaya ya yi gargaɗi tun da farko. Mu muna da na Bargery na 1934, wanda ya tattaro kalmomin garuruwa da yawa amma fassararsa da Turanci take, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, wanda Hausa yake fassarawa da Hausa, kuma da ni za a tambaya, na biyun zan ɗora a kan kujerar, da sharaɗin a riƙa ɗaukaka ƙara zuwa ga na farkon.