Kilim Mai Yi Yana Bari

Jama'a, duk wanda ya san zafin Garwa a Maris da Afrilu, lokacin da yake haura digiri 40, ya san kilim a mota ba ƙawa ba ce, balle in kana ɗauke da tsohuwa mai hawan jini irin tawa. Na Corolla tawa kuwa yi yake yana bari.

Makanikai biyu na kai wa, kowanne tun bai buɗe bonet ba ya ce, "Malam, gas ne." Gaskiya in gas ya yi ƙasa akwai makunnin da ke kashe kwamfaresa don kada ta lalace. Amma gas ba fetur ba ne da mota ke sha. In ya ragu, wani wuri ke yoyo. Albashin malamin makaranta kuwa bai kai na zuba ruwa a kwando ba.

Sai na ajiye ɗan littafi ina rubuta lokacin da sanyin ke ɗaukewa. A hanyar Marwa lafiya lau. A cunkoson kasuwa kuwa sai iska mai ɗumi. In mota na gudu, iska ce ke fifita kwandansa, abin nan da ke gaban lagireto. In ta tsaya, aikin ya koma kan fanka. Tawa fankar ta juya yau ta ƙi gobe, rile ɗinta ya gaji. Aka canja shi, aka wanke ƙurar hunturu da ta toshe kwandansa.

In naka a doguwar tafiya yake ɗaukewa, iskar ma ta raunana, sannan ya dawo bayan ka kashe shi ɗan lokaci, wataƙila ƙanƙara ce ke daskarewa a ciki. Sai a duba tamostat.